Garwar da na rubuta wa "mai"

Shekarar da Allah ya ba ni ɗiyata ta fari muna zaune a wani ƙauyen Hausawa kusa da garin Hajj Abdalla, ina aikin auduga a hawashar wani, wato gonarsa ta noman rani, da yamma kuma ina biya wa yara allo. Haihuwar ta zo kafin lokacin da muka zata, mai ɗakina ba ta samu zuwa gidansu ba. Bayan suna uwarta ta aiko daga ƙauyensu da ke kudu da Sinja, cewa a kai mata 'yarta ta ƙarasa wankan jego a hannunta. Damina ce, kuma kowa ya san hanyar kudu a damina. Lori yakan kafe a laka ya wuni ya kwana, a filin da babu busasshen itace ko na tsinken sakace. Ita kuwa maijego a wurinmu ba ta tsallake ruwan zafi safe da yamma, ba ta tsallake kunun kanwa. Tsofaffi sun ce in sanyi ya shige ta, ya shiga ke nan.

Saboda haka na ɗauki babur. Mu nan abin da muke kira babur shi ne ɗan murhun tagulla mai aiki da kananzir, wanda na ji mahajjata daga yamma suna ce wa risho. Na shirya shi yadda na saba. Na sassauta ɗan makullin gefe iska ta fita, na juye man cikinsa kaf, don babur mai mai a ciki ba ya hawa lori. Na naɗe shi a buhu, allurar share bakinsa na soke ta a hulata, ashana ta shiga aljihu. Kananzir ɗin na zuba a garwa, ban cika ta ba, na bar masa wurin numfashi saboda zafin rana, na liƙe murfin da sabulu. Ruwa ma a garwa yake, kuma garwunan biyu kamar tagwaye. Don kada mai ɗakina ta ruɗe, na samo baƙin fenti na rubuta wa ɗaya "ruwa", ɗaya kuma "mai", da ajaminmu: mim da wasali bisa, ya da ɗauri. Ta iya karatu, a gidan malamai ta tashi.

A Sinnar muka hau lori. Yawancin fasinja mutanenmu ne masu zuwa aikin gona, sai wata tsohuwa da ta karɓi jaririyar tun kafin mu zauna. Direban Balarabe ne daga arewa, dogo, sigari ba ta barin bakinsa. Usta ake ce masa, kamar kowane direba. Na roƙe shi a ɗaure mini garwar mai can baya, nesa da mutane da buhunan dawa. Bai ko saurare ni ba, ya ce a tura kayan faki gefe, a yi sauri; faki shi ne malam a bakinsu. Na tsayar da ita a kusurwa, na tokare ta da ƙafata.

Mun wuce Sinja da hantsi, ba mu yi nisa ba muka faɗa wani kwari. Mota ta yi ta kuka tana haƙa wa kanta rami, har hancinta ya fara fitar da tururi. Maza duk muka sauka turi, laka har gwiwa, muna ta fama har rana ta karkata. Ina can baya kafaɗata a jikin katako na hangi Usta ya hau, ya sauko da garwa, ya nufi gaban mota. Ruwan da ke kwarin rabinsa taɓo ne, ba ya son zuba wa injinsa. Sai da ya juya na ga rubutun.

Ban san yadda na fita daga lakar nan ba, takalmina ɗaya yana can har yau. Na same shi ya ɓalle murfin, ya karkata garwar a kan injin da ke huci, sigari a bakinsa. Na fizge ta. Kananzir ya fantsama a rigata, warinsa ya tashi, sai a sannan ya tofar da sigarin cikin ruwa.

Da numfashinsa ya dawo, faɗa ya biyo. Ya nuna rubutun yana cewa ga shi an rubuta ruwa. A bakinsu ruwa moya ne, ya ga mim da ya, ya ɗauka Bafallate ne, kamar yadda suke kiranmu, ya fara rubuta moya ya kasa ƙarasawa. Na gaya masa cikin Larabcinsa cewa Hausa ce, kuma a Hausa mai shi ne abin da suke kira jaz. Ya ce babu wani harshe da ake rubutawa da baƙaƙen Larabawa in ba Larabci ba, saura duk ɓarna ce. Ya ce na kusa ƙone masa mota, don haka ko dai in kankare wannan shirmen yanzu a gabansa in zubar da man, ko in sauka da kayana.

Na tambaye shi wa ya ba shi izinin buɗe garwar da ba tasa ba. Na tuna masa wanda ya hana a ɗaure ta a baya. Sannan na ce:

"Usta, da wannan rubutun kakana ya rubuta sunayen garuruwan da ya ratsa da ƙafa har ya iso ƙasar nan. Ban yi kuskuren harafi ba. Man kuma na maijego ne, ba na zubarwa."

"To ka sauka, ya faki."

"Ai a ƙasa nake."

Wani daga cikin mutanenmu ya yi dariya, wani kuma ya ja ni gefe yana cewa in yi haƙuri, fenti ne kawai, in an isa sai in sake rubutawa. Na ce masa fentin da sauƙi, man fa? In mun kwana a nan da me za a dafa mata ruwa? Na ɗauki garwar da buhun babur na hau wani ɗan tudu inda iska ke kaɗawa daga wajen mota, na tuɓe rigar da ta jiƙe na shanya can nesa, na zauna.

Ban kira kowa ba. Mai ɗakina ce ta fara saukowa, a hankali, tana dafa katako. Ta zo ta ce, "Malam, la'asar ta kusa, a ɗora ruwan." Tsohuwar ta biyo ta da jaririya a kafaɗa, tana faɗa wa mazan da ƙarfi cewa duk wanda uwarsa ta yi masa jego da ruwan sanyi ya je ya ci gaba da turi. Ɗaya bayan ɗaya suka saki motar, suka hau tudun suna goge laka da ciyawa.

Na wanke hannuna, na zuba wa babur mai, na rufe garwar na kai ta nesa kafin in ƙyasta ashana. Ya kama da shuɗiyar wutarsa yana gurnani. Mata suka kewaye maijego da zannuwa, aka yi wanka, aka dama kunu. Muka yi la'asar a jam'i. Usta yana zaune a kan hancin motarsa, ya ba mu baya. Lori ba ya fita daga laka da direba shi kaɗai, shi ma ya sani.

Da aka dafa shayi, tsohuwar ta zuba a kofi ta ba ni ta ce, "Kai masa, ɗan nan, amma kada ka ba shi haƙuri." Na kai masa. Ya sha rabi, ya sauko, ya je wurin garwar ya daɗe yana kallonta. Sannan ya zaro ƙusa daga aljihu, ya juya ta ɗaya gefen, ya karce "jaz" da manyan baƙaƙe. Nawa bai taɓa ba. Shi da kansa ya kawo igiya ya ɗaure ta a tsaye can bayan mota, daga waje, inda na roƙa tun a Sinnar.

Muka tura, da ikon Allah ta fita. Sai da muka sake kafewa kafin mu isa, nan ma aka ɗora ruwa a kan lokaci. Surukata ta karɓi 'yarta da ɗumin jikinta. Garwar ta daɗe a gidana, rubutu biyu a jikinta, kuma kullum gefen nawa nake juyawa wajen ƙofa.