Dajin Nana Ranar Alhamis

Yaran makarantarmu ta Asawase sun san kowace tasha daga Race Course zuwa Adum, amma da na tambaye su inda koko, wanda ake yin cakulan da shi, ke fitowa, wata ta ce a gwangwani. Abin ya ba ni dariya, ya kuma ba ni haushi. Na ƙudura sai na kai su daji sun yi karatu a gindin itace.

Akwai wata tsohuwa Ba'ashantiya da ta daɗe tana kawo wa mahaifiyata ayaba, tana da daji nata na gado a bayan gari. Nana muke ce mata. Na je da goro da turmin atamfa, ta amince nan take. Sai ta tambayi rana, na ce Alhamis.

"Daabi, Malama," in ji ta, wato a'a da yarensu. "Alhamis ƙasa yana hutawa. Ba noma, ba sara."

Mu kuwa Alhamis ce ranar hutunmu, kuma yayana mai makarantar ya rantse ba zai ba ni ko rabin ranar karatu ba. Ga adduna da fartanyoyi na riga na saya. Na yi ta zarya tsakanin tsohuwa da yayana har ɗan kwandastan trotro, motar hayar da nake shiga, ya haddace fuskata. Mai nema yana tare da samu: ƙarshe Nana ta ce mu zo gwaji sau ɗaya, amma ba ƙarfe, ba tono, ba tsinka. In aka tsinki ganye guda, shi ke nan.

Na san yaran unguwarmu ta Zango, hannunsu ba ya zama. Ranar Alhamis muka isa dajin. Sai ga su sun shiga da hannaye a baya kamar masu zuwa gaisuwa. Suka durƙusa suna bin jerin tururuwa, suka ga koko manne a jikin itace suna ta salati. Nana na kan kututture tana kallo.

Can sai wata nunanniyar gwanda ta faɗo, tim! Suka kewaye ta, musu ya kaure. Wasu suka ce halal ce tunda ba su suka tsinka ba, wasu suka ce ai a ƙasa take, ƙasa kuwa tana hutu. Ba wanda ya taɓa. Suka ɗunguma wurin tsohuwa neman fatawa.

Ta yi dariya har da hawaye, ta ce abin da ƙasa ta bayar da kanta, a ci. Tana raba musu da hannu, ta dube ni.

"Jikokina ma sun daina tambayana irin wannan, Malama. Kawo su kowane Alhamis."

Ta miƙo mini yanki guda. Sai kawai na karɓi nawa rabon.