Shaidar Tsohon Makiyayi da Na Ɓatar a Burtali

Na daɗe ina aikin ɗaukar bidiyo a Tanout da ƙauyukan Damargu, kuma yawancin bukukuwan da na ɗauka sun cakuɗe a kaina, ba na ma iya tuna wace amarya ce ta wane gida. Amma akwai aiki guda da ba zai fita daga raina ba har in koma ga Allah, shi ne ranar da na ɗauki wani tsohon makiyayi yana nuna iyakar burtali.

A lokacin ban daɗe da sayen sabuwar kyamara ba, irin ƙaramar nan ta masu hoto da ake kira DSLR, wadda ke ɗaukar bidiyo ma. Ina ji da ita ƙwarai. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take fito da fuskar mutum tas, ta narkar da duk abin da ke bayansa ya koma kamar hayaƙi. Amare suna son haka, don ba a ganin tsagaggiyar katanga ko akuyar da ke wucewa. Ni kuwa sai na ɗauka na gama ƙwarewa.

Wata ranar kasuwa a ƙarshen bazara, wani sa'ana ya shigo ɗan shagona. Ɗan makiyaya ne daga wajen Tenhya, kuma mahaifinsa aminin marigayi mahaifina ne. Tun muna yara shanunsu ke kwana a gonarmu bayan an cire amfani, su bar mana taki, mu ba su hatsi. Bayan mun gaisa ya ce jikin tsohonsu ya ƙi, tari ya kama shi, ƙafa ma ta soma gazawa. Kuma cikin dattawan da suka taka burtalin da ke kai shanu rijiyar ƙauyenmu, suka sa masa alamomi, shi kaɗai ya rage da rai. Gonaki suna cin hanyar kaɗan-kaɗan kowace damina. Suna so a ɗauke shi yana nuna alamomin yana faɗinsu da bakinsa, saboda wata rana.

Na ce, "Ka dai san gonar Kawuna tana bakin burtalin nan."

Ya ce, "Na sani. Baba ma ya sani. Shi ya ce kai za a kira."

Cikin makon na shiga Damagaram sayen wasu kaya, sai na biya wurin maigidana, wato mutumin da ya koya mini aikin. Yana da tsohuwar kyamarar sinima da ya sayo ta hannu, babba, mai akwatinta. Na ba shi labari don hira kawai, amma sai ya ajiye kofin shayinsa ya soma yi mini tambayoyi.

"A fili za ku yi?"

"A fili, Maigida."

"Tsoho ne, muryarsa ba ƙarfi?"

"Haka ne."

"To, ɗauki babbar. Ka dawo mini da ita in ka gama."

Ya buɗe akwatin ya nuna mini abin da na riga na sani. Babbar tana da wurin jona dogon mikro na ɗaukar murya, mai rigar gashi da ke tare iska. Tana da abin sawa a kunne, ka ji abin da ke shiga tun kana wurin. Tana da ramin leƙe wanda rana ba ta hana ka gani, kuma tana iya yini tana ɗauka ba ta tsaya ba. Tawa kuwa ɗan mikron cikinta bai fi ƙwayar wake ba, kuma ba ta da wurin sa abin kunne. Ya ce, "Taka ta iya kallon mutum, amma ba ta iya sauraronsa ba. Wannan aikin kuwa na magana ne."

Na ɗaga akwatin na ji nauyi. Ga ƙafafunta uku, ga manyan batura. Na ce masa hanyar rairayi ce, a moto, wato babur, zan je, ƙauyen babu kuran, wato wutar lantarki, kuma makiyaya suna iya ɗari-ɗari in sun ga irin wannan ƙarfe an kafa musu. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, har yau ban ce ƙarya na yi ba. Amma ba shi ne dalilin ba. Na daɗe ban riƙe babbar ba, ina tsoron in tsaya ina lalube a gaban mutane, kuma ina so a ce da tawa na yi. Maigida bai matsa mini ba. Ya rufe akwatin ya ce Allah ya ba da sa'a.

Ranar da muka sa, na isa da hantsi. An ɗora tsohon a kan jaki, ɗansa yana riƙe da shi ta gefe. Ya rame sosai, amma da ya gan ni sai ya yi murmushi ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ya ce tafiyata irin ta mahaifina ce. Na ce, "Baffa, in ka gaji ka faɗa mini mu tsaya." Ya ce, "Yau ba ranar gajiya ba ce."

Muka soma daga bakin daji muka nufi rijiya. Iskar bazara tana kaɗawa, irin mai zafin nan da ke zuwa kafin ruwa ya sauka. Rana ta haske ɗan gilashin bayan kyamarar, ba na ganin komai sai inuwar fuskata. Na buɗe idon kyamarar sosai kamar yadda na saba yi wa amare, na saita shi a fuskar tsohon. Shi kuwa yana ta magana a hankali. Ya nuna wata aduwa mai tsagaggen gindi ya ce daga nan aka fara. Ya nuna wani dutse da aka binne rabi, ya faɗi wanda ya binne shi. Ya nuna jerin anza, ya ce ba kanta ta tsiro a jere ba, barinta aka yi da gangan aka sare sauran. Ya ambaci dattawan ƙauyenmu ɗaya bayan ɗaya, har da kakana, da abin da kowa ya ce ranar. Ni a tsaye kusa da shi sai na kasa kunne kafin in ji, amma ban tsaya na tambayi kaina abin da kyamara ke ji ba.

Sai da muka wuce gonar Kawu na lura ɗan jan ɗigon da ke nuna ana ɗauka ya ɓace. Irin waɗannan kyamarori suna katsewa da kansu in sun kai wajen rabin awa, kuma jikinta ya yi zafi kamar an ciro ta daga murhu. Ban san tun yaushe ta tsaya ba. Na lulluɓe ta da rawanina ta ɗan huce, na sake kunnawa, ban ce wa kowa komai ba. Tsohon yana haki, yana tari, ɗansa yana shafa masa baya. Na ji kunyar in ce a koma baya.

A bakin rijiya aka sauke shi a inuwa. Ya sha ruwa, ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka samu?"

Na ce, "Na samu, Baffa."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Na sauke."

Da na koma Tanout na zuba aikin a ordinatar, wato kwamfuta, sai na ga ɓarnar da na yi. Fuskar tsohon ta fito da kyau yadda ban taɓa ɗaukar fuskar kowa ba, har jijiyoyin goshinsa ana ƙirgawa. Amma sautin duk iska ne, wani irin gurnani, sai can a ji rabin kalma ta leƙo ta nutse. In ya ɗaga hannu ya nuna wani abu, abin da ke ƙarshen yatsansa ya narke, ba a rarrabe aduwa da anza. Wannan ba laifin kyamara ba ne, ni na saita ta haka. Wurin gonar Kawu kuwa, inda rigimar ta fi tsami, babu shi gaba ɗaya.

Abin da ya kamata in yi a fili yake: in koma Damagaram in ɗauko babbar, in je in faɗa musu gaskiya, a sake. Na ce sai mako mai zuwa. Na yi ta ƙoƙarin wanke sautin da ordinatar ina fatan zai gyaru. Bukukuwa suka taso, na fake da su. Ruwa ya sauka, suka yi arewa da shanunsu. A tsakiyar damina labari ya iso cewa tsohon ya rasu. Na je gaisuwa, na zauna cikinsu na yi addu'a, nan ma ban faɗa ba.

Bayan kaka shanu suka dawo suka tarar an tare burtalin da ƙaya a wurare biyu. Aka yi cacar baki, har aka zaro sanduna, Allah ya kiyaye ba a zubar da jini ba. Mai gari ya kira zama a zaurensa, da dattawan manoma da na makiyaya da wani wakilin meriya, wato ofishin magajin gari. Abokina ya aiko mini in zo da shaidar mahaifinsa. Na zo da ordinatar a hammata.

Da fuskar tsohon ta bayyana, kowa ya zuba mata ido. Wasu cikin makiyayan suka sunkuyar da kai suna yi masa addu'a. Aka ce in ƙara murya, na ƙara, gurnanin iska ya cika wurin. Wani dattijo ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya ce, "Wace itaciya yake nunawa a nan?" Na ce ni na ji da kunnena abin da ya faɗa, zan iya maimaitawa. Wani ya ce ai ba ni aka zo saurare ba. Mai gari ya daɗe yana kallo, sannan ya ce cikin tausasawa, Allah ya jiƙan wannan bawan Allah, amma ba zai iya yanke komai da abin da ba a ji ba kuma ba a gani ba. Aka tashi a kan kowa ya tsaya inda yake, wato ƙayar ta zauna.

A waje na tarar da abokina yana kwance igiyar raƙuminsa. Na soma yi masa bayanin mikro da iska da zafin rana. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ni ban san mikro ba. Na san ya tambaye ka, ka ce ka samu." Ya ƙara da cewa, "Da ka ce mana ba za ka iya yin abin da zai taɓa kawunka ba, da mun gane. Ba mu ganin laifin mai kare jininsa."

Na rantse masa ba da gangan na yi ba. Ya gyaɗa kai kawai, ya hau, ya tafi.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne da la'asar, da na shiga gaida Kawu kafin in koma. Ya kama hannuna a gaban iyalinsa, fuskarsa cike da fara'a, ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Ashe ka san naka." Na ce masa kuskure ne aka samu. Ya yi dariya ya ce ya gane, ba sai na faɗa ba. Na fita ban ci abincin da aka kawo mini ba. Ɓangarorin biyu sun yarda da abu guda a kaina, kuma ba ni da hanyar ƙaryata shi.

Daga wannan shekarar gidan abokina ba su sake sauka a ƙauyenmu ba. Suna zagayawa ta wata rijiya mai nisa, kuma na ji an ce a bazarar da ta biyo sun yi asarar raunanan shanu a hanya. Na taɓa hango shi a kasuwar Belbeji, muka gaisa kamar waɗanda suka taɓa haɗuwa a mota. Da na mayar wa maigidana labarin, bai ce ai ya faɗa mini ba. Ya tambaye ni kawai me ya hana ni dawowa washegari.

Yanzu ina aiki da iri biyun duka, kuma matasa sukan tambaye ni wadda ta fi. Nakan ce musu kowace da wurinta: ƙaramar ba ta da nauyi kuma tana ƙawata fuska, babbar tana jure dogon aiki kuma tana ba ka damar jin kuskurenka tun kana wurin. Aikin da aka ba ka shi ya kamata ya zaɓa, ba abin da kake so a yabe ka da shi ba. Amma darasin da ya fi ci mini rai ba na kyamara ba ne. Zaɓin da na yi a Damagaram kuskure ne da yini guda zai gyara, kuma tsohon ya rayu watanni bayan haka. Abin da ya sa ya gagara gyaruwa shi ne kunyar in buɗe baki in ce ban samu ba, a lokacin da faɗin hakan yake da amfani.