Fuskar Kofur Bawa a Firintar Malam Dantani

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Malam Dantani, kuma har yau ban sauka daga ra'ayina ba: duk ranar da aka zauna rubuta tarihin ilimin zamani a ƙasar Zuru da adalci, babi guda na wani ɗaki ne mai taga ɗaya a bayan gidanmu, inda malamin lissafi ya haɗa kwamfuta da hannunsa a kan teburin guga. Manyan ƙasashe suna da ɗakunan bincike. Mu muna da wannan ɗaki, da warin dalma, da kaji masu leƙe ta bakin ƙofa.

Ɗan wan mahaifina ne, amma a gidanmu ba a wannan rarrabewa, Yaya nake ce masa. Tun muna yara ba a barin rediyo kusa da shi. Yakan buɗe, yakan gyara, wani lokaci ya miƙa wa mai kaya ragowar kusoshi a tafin hannu, ya ce kamfani ne ya yi almubazzaranci. Da ya zama malamin sakandare ciwon bai warke ba, sai ma ya samu ɗakin kansa.

Kwamfutar ba siyan ta ya yi ba, tara ta ya yi kamar mai tara kayan ɗaki. Akwai wani Emeka, Ibo mai shagon kayan wuta kusa da tasha, wanda ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasunmu. Shi ke zuwa masa da tsofaffin kaya daga kudu, yau allon ciki, wata mai zuwa fanka, gaba kuma ma'ajiya, wato ɗan ƙarfen nan mai girman sabulun wanki inda kwamfuta ke adana komai. Ina wurin ranar da ya miƙa masa ita.

"Malam, wannan ba garanti fa. In ta mutu, ta mutu."

"Emeka, mu ma haka aka kawo mu," in ji Yaya.

Daga baya firinta da sikana suka iso. Tawadar kamfani ba ta daɗe ba ta ƙare, shi kuwa ya gano ana iya ɗura ta kwalba da sirinji. Tun daga lokacin ban sake ganin yatsunsa da launin da Allah ya halicce su ba. Ya buga katin aure, ya buga tambayoyin jarrabawa, ya buga jadawalin coci wa 'yan'uwanmu Kirista da na azumi wa sauranmu. Da a nan ya tsaya, da yau yabo kawai zan rubuta.

Kowa ya san ƙasarmu ƙasar soja ce. Da wuya ka shiga gida ba a ciro maka wani ɗan ƙaramin hoto baƙi da fari daga ƙasan akwati ba, wani saurayi cikin kaki yana hararar mai ɗauka. Yaya ya ce damina da gara suna cin tarihinmu muna kallo. Ya hau babur ya shiga Dabai, ya kai Bena, ya kai Sakaba, yana karɓar waɗannan hotuna. Ya sa a sikana, ya goge tabo, ya ƙara ɗan launi, ya buga babba ya kai wa masu shi. Ƙananan na asali kuwa ya tara su a kwali, ya ce zai mayar da zarar ya kwafe komai a faifan sidi, na'urar kwafewar ce kawai yake jira Emeka ya kawo. Ba wanda ya matsa masa. Wa zai tambayi ƙarami alhali ga babba a bango?

Gwaggo Kande, ƙanwar mahaifina, ita kaɗai ta yi gardama. Mijinta Kofur Bawa ya yi mata golmo, noman nan da saurayi ke yi wa surukai shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Bai daɗe da samun ta ba ya tafi yaƙin basasa, bai dawo ba. Ba gawa, ba kabari, ba wanda ya ce ga inda ya faɗi. Abin da ya rage mata hoto ne da bai fi kwalin ashana ba, a naɗe cikin tsumma a gwangwani.

"Dantani, wanga hoto shi ne kabarinai," ta ce. "In ya ɓace ban da wurin zuwa."

"Gwaggo, in ya shiga wanga inji, ko gari ya ƙone shina nan."

Ta ba shi. Ranar da ya kai mata babban, a cikin gilashi, ta zauna a bakin ƙofa ta ƙura masa ido. A ƙaramin hoton ba a ganin tsagen fuskarsa, a wannan kuwa ga su nan ɗaya bayan ɗaya. Emeka, wanda ya kawo gilashin, ya tsaya yana kallo. Mahaifinsa ma wannan yaƙin ne ya ci shi, ta ɗaya ɓangaren, kuma ko hoto bai bari ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Mama, ke kin yi sa'a."

Zazzaɓi ne ya ɗauki Yaya, cikin 'yan kwanaki, a tsakiyar zangon karatu. Na'urar kwafewa ta iso bayan sadakar arba'in. Emeka ya zo da ita gidan a leda, ya rasa wa zai miƙa wa, ya koma da ita.

Abin da ya biyo baya ba mugunta ba ce, ladabi ne, kuma shi ya fi ci mini rai. Matarsa Asabe ta sa wa ɗakin kwaɗo, domin duk zamansu maganarsa ɗaya ce, kada a taɓa masa kaya. Tana takaba, ba mai bakin da zai ce ta buɗe. Da ta fita, kowa ya ji nauyin ya zama na farkon da zai ambaci kayan mamaci, kada a ce ido ya sa wa gado. Masu hotuna su ma kunya ta hana su zuwa gidan makoki neman ɗan kati. Haka muka yi ta girmama ɗakin har damina biyu suka wuce ta kansa. Da aka buɗe, kwano ya yi yoyo, gara ta yi gini tun daga ƙasa har saman teburi. Na sa hannu zan ɗaga kwalin, hannuna ya shige cikin ƙasa. Sojojin Dabai da na Bena da na Sakaba duk sun zama shuri guda, har da Kofur Bawa.

Saura kwamfuta. Zanzaro ya yi ɗaki a cikinta, tsatsa ta ci sauran. Na cire ma'ajiyar na kai Sakkwato, aka tura ni Kaduna. Can mai gyara ya sa mata wuta, ya kara ta a kunne, muka ji tana ƙas-ƙas kamar agogon da ya gaji. Ya miƙo mini ita da hannu biyu, yadda ake miƙa abin da ba sauran magana a kansa.

A lokacin ne kuma muka fara lura da bango. Tawadar kwalba ba ta jure haske, mu kuwa inda haske ya fi yawa muke rataye abin alfahari. Ja ne ya fara tafiya, rawaya ta bi shi, kuma fuskar mutum da su ake yin ta. Yau in ka zaga gidajen da Yaya ya yi wa alheri, za ka ga gilasai masu tsabta, a cikinsu wasu inuwoyi shuɗaye sanye da hula. Garin neman gira aka rasa ido. Na Kofur Bawa hula tana nan, ɗamara tana nan, tsakaninsu kamar hayaƙi.

Gwaggo ta daɗe tana goge gilashin da bakin zane, tana zaton ƙura ce. Bara ta kira ni ta ce in duba mata, ko idonta ne ya tsufa. Na ce ba idonta ba ne. Ta kalli bangon, ta ce, "To, ya sake tahiya." Ba ta ƙara tayar da zancen ba, ba ta kuma sauke gilashin ba.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya zai ce da ya ga yau. Wayar salula ta cika gari, har da masu ɗaukar hoto, yara suna ɗaukar junansu suna gogewa ba ko bismilla. Na san abu na farko da zai yi shi ne ya nemi abin kwance kusa. Na biyu, zai ce yanzu kam ba abin da zai sake ɓacewa, kuma zai faɗa da zuciya ɗaya, kamar yadda ya faɗa wa Gwaggo. Bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Ya dai yarda da inji fiye da yadda injin ya cancanta, mu kuma muka yarda da shi.

Me ya rage? Akwai ɗalibansa da ke cin abinci da gyaran rediyo da waya. Akwai tsofaffin da suka ga fuskar nasu da kyau, ko da na ɗan lokaci ne, kuma ban isa in ce wannan ba komai ba ne. Mutum ne da ya ga abu yana lalacewa ya tashi ya yi wani abu, alhali mu masu hankali muna zaune. Allah ya jiƙansa, ya sa niyyarsa ce za a auna.

Da muke share ɗakin mun samu takarda ɗaya da gara ba ta kai gare ta ba, a cikin ledar da firintar ta zo da ita. Shafin gwaji ne da injin ya buga ranar farko, da tawadar kamfani. Launinsa garau yake har yanzu. Hoton wata Baturiya ce tana murmushi riƙe da kwandon lemo, kuma duk ƙasar Zuru ba wanda ya san ta.