Kwamfutocin da Malam Ya Riƙe Amana

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, ni da abokin aikina, a wata bas da ba ta bambanta mutum da buhu. Wata ƙungiyar agaji ta ƙasar waje ce ta aike mu duba ɗakin intanet da ta kafa bara a wani ƙauye can bayan Ajingi. Sharaɗinsu ɗaya ne: in ba a amfani da shi, a kwashe kayan a kai wani gari.

A Gaya muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya rame, kuɗinsa ya yi ƙiba. Daga Ajingi sai babur. Damina ta cinye hanya, sau biyu muna sauka mu tura. Gyaɗa ta yi kyau dama da hagu, amma waya tun a hanya ta daina kama sabis.

Malamin Islamiyyar da aka damƙa wa makulli, dattijo mai fara'a, ya tarbe mu da fura, sannan ya buɗe ɗakin. Kwamfuta shida, kowacce an lulluɓe ta da sabon zane, ƙasa a share tas. Ko ledar jikinsu ba a ɓare ba.

Na ce, "Malam, su wa ke shiga nan?"

Ya ce, "Babu kowa, ɗana. Ranar buɗewa Baturen da ya kawo su ya riƙe hannuna ya ce in kula da su. Ai amana ce. Matasa sun yi ta naci, na hana. Ko 'yata da za ta yi rajistar jarrabawa, Gaya na tura ta."

Intanet ɗin na shekara guda aka biya, saura 'yan kwanaki ya ƙare, kuma na'urar intanet ɗin da kanta take ƙirga masu shiga, babu wurin rufin asiri. An zo ranar buɗewa da masu hoto da lemo, amma an rasa wanda zai zauna ya ce wa Malam kayan nan na taɓawa ne. Haushi ya kama ni, ba nasa ba. Muka fito, ya mayar da ƙofa ya kulle.

Da za mu hau babur Malam ya ce, "Ka gaya musu ko allura ba ta ɓata ba."

Mun dawo Kano bayan la'asar, jiki duk ciwo. Tafiyar ta koya mini cewa kyautar da ba a yi bayaninta ba kaya ne aka ɗora wa mutum. A takardar rahoton da za mu kai wa ƙungiyar, a gurbin masu amfani na rubuta babu, a ƙasa na ƙara saƙon Malam yadda ya faɗa. Mako mai zuwa motar kwashe kaya za ta je, kuma na san da fura zai tarbe su.