Wa Ya Tsaya Maka?

Ɗakin da na ajiye sabar shi ne ɗakin da babanmu yake jibge huhunan goro. Har yau idan damina ta sauka, bangon yana tashi da warin ganyen huhu. Babanmu mai masauki ne irin na da. Fatake su sauka a wurinsa, ya ba su ɗaki, ya nemo musu mai saye, in kuma ɗayansu ya yi ɓarna a kasuwa, shi ake aiko wa. Na sha ganinsa ya zura takalmi ya tafi ba da haƙuri a kan laifin mutumin da shekaranjiya ya fara sanin sunansa. In ya dawo ya shigar da baƙon zaure ya wanke shi tas. Amma ban taɓa ganin ya fitar da kayan kowa ƙofar gida ba.

Ni ne auta, kuma ban gaji goro ba. Gyaran kwamfuta nake yi a wani ɗan shago a unguwar Zogona, nan Wagadugu, inda ɗalibai ke kawo min injinan da suka zuba wa shayi. Saba kuwa kwamfuta ce kawai da ba a kashewa. A kan tawa na ɗora dandalin zumunta irin wanda ba kamfani ɗaya ke riƙe da shi ba. Kowa yana iya kafa nasa ya tara mutanensa, sai dandalan su riƙa gaisawa da juna, wanda ke namu ya bi wanda ke na wata ƙasa, su yi hira kamar wuri ɗaya suke. Sai dai kowane mai saba yana da ikon rufe wa wata sabar ƙofa gaba ɗaya, da mai laifi da marar laifi. Mutanen Zango ba su wahalar da bakinsu da sunan abin ba, masauki kawai suke ce masa.

Ba mu da yawa, rumfar suna guda za ta ɗauke mu. Sanarwar rasuwa, ɗaurin aure, wa zai tafi Yamai ya riƙe saƙo, ina aka ɗauke wuta, ina aka kawo. Doka ɗaya na kafa tun ranar farko: duk mai son shiga sai ya amsa tambaya guda, wa ya tsaya maka? Sai na kira wanda ya ambata, in ya ce ya sani, in buɗe. Yaran Zogona sun yi min dariya, wai na kawo zaure cikin intanet. Na ce na ji.

Cikin waɗanda ni da kaina na tsaya wa akwai wani direban babbar mota, Bagobiri, ya girme ni da kusan shekara goma. Farkon zuwansa Wagadugu, yana yaron mota, a gidanmu ya sauka, babanmu yana da rai. Mutum ne mai baki, ba ya ganin abu ya wuce bai tanka ba, kuma tun da ya koyi rubutu a waya muka shiga uku.

Wata Talata da hantsi yayata ta tsaya da babur a ƙofar shagona, ko kashe shi ba ta yi ba. Ita ce babbarmu, saƙi take sayarwa, kuma rabin masu sayenta 'yan Afirka ne mazauna Turai da ke kan wata babbar saba ta can. Ta miƙo min waya ta ce in duba, duk kiliyan ɗinta, wato masu sayen nan, sun ɓace tun jiya, ba ta ganinsu, ba sa ganinta, me na taɓa?

Ban taɓa komai ba. Da na buɗe akwatin saƙonni na tarar da wasiƙa daga matar da ke kula da waccan sabar. Sun rufe mana ƙofa, kuma ta haɗo da hoton dalilin.

A kan sabarsu akwai wani Bazabarme da ya yi karatu a nan kafin ya wuce Turai. Shekarun da ya yi a Zogona, direban nan ne ke kawo masa ƙunshin kilishi da garin kunu daga wurin mahaifiyarsa. Ya gama digirinsa na ƙarshe, ya sa hotonsa da doguwar rigar kammalawa, abokan karatunsa na ta yi masa barka da Faransanci. Sai ga direbanmu a tsakiyarsu, shi ma da nasa Faransancin na bakin hanya. Ya rubuta cewa wannan bawansa ne, da ƙwaryar fura ya saye shi, tun da ya gama sa rigar mata sai ya dawo ya ɗauki kayan ubangidansa.

Na yi dariya kafin in tuna halin da nake ciki. Bagobiri da Bazabarme abokan wasa ne tun kaka da kakanni, wannan gaisuwa ce a wurinsu. Maƙwabtanmu Mosawa ma suna da nasu da ƙabilar Samo, har a wurin makoki suke yi ba mai ɗaga kai. Shi kansa mai digirin ya mayar da martani a ƙasa, ya ce tun yaushe bawa ya fara sayen ubangidansa. Amma mutanen can ba su ga wasa ba. Sun ga baƙo daga wata saba yana kiran ɗan uwansu bawa a ranar farin cikinsa, suka kai ƙara.

Ina da zuciya, wannan kowa ya sani. Nan take na zauna na rubuta wa matar amsa mai zafi. Na ce ba su san Afirka ba, ba su tambaya ba, sun yanke hukunci daga nesa kamar yadda suka saba. Na aika, na ji daɗin kaina na kusan awa guda.

Amsarta gajera ce. Ta ce ita ba Baturiya ba ce. Daga gaɓar tekunmu aka ɗauki kakanninta a jirgin ruwa zuwa wani tsibiri, kuma a kan sabarta akwai irinta da yawa. Ta ce ta yarda wasa ne a wurinmu, amma a ƙofar gidanta aka zo aka yi shi. Na karanta sau uku. Kunya ta kama ni irin wadda ban ji ba tun ina yaro, don na gane ni ma ban tambaya ba kafin in yanke mata hukunci.

A ƙarshen wasiƙar ta sa sharaɗi. Kwamitinsu ya ce in na cire mai rubutun daga sabata, za su buɗe ƙofa a ranar.

Da la'asar Yaya ta same ni a gida, a ɗakin goro, ina zaune gaban injin. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ce mutum guda ne. Ta ce ba ita kaɗai ba ce, akwai mai ɗinki a unguwar Dapoya da 'yarta ke can Turai, akwai malamin da ke bin ɗalibansa. Ta ce direban zai iya buɗe wani asusun a wata sabar kafin shayi ya huce, ba kashe shi za a yi ba.

“Auta,” ta ce, “Baba ya rasu. Wannan kwamfuta ce, ba zaure ba ne.”

Gaskiya ta faɗa, kusan duka. Bayan ta fita na buɗe shafin direban. Maɓallin cirewa ja ne, yana nan a gefen dama, dannawa ɗaya. Na daɗe ina kallonsa. Abin da ya hana ni ba tausayi ba ne, don a lokacin da zan ga mutumin da na shaƙe shi. Tambayata ce ta hana ni. Duk wanda ke cikin masaukin nan na sa wani ya ce ya tsaya masa, kuma wannan ni na faɗa da bakina. In tsayawar tawa ta ƙare ranar da ta fara yi min tsada, to ƙarya na sa mutane suka yi ta yi min a waya. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na rufe shafin.

Ranar Juma'a direban ya shigo gari. Bayan an sauko daga masallaci na ja shi zaurenmu, na manta da shekarun da ya ba ni. Na ce masa wasan da ake yi a tasha, inda kowa ya san wane da wane, ba a ɗaukarsa a kai gidan mutanen da ba su san ka ba. Na karanta masa wasiƙar matar, na fassara masa kalma bayan kalma. Da farko yana ta murmushi yana cewa Nasara ba su da wasa. Da na kai wurin jirgin ruwa sai murmushin ya ɗauke. Ya cire hula ya riƙe a hannu.

Shi ya ce in rubuta, ya faɗa min abin da zan sa. Bai ce ya daina wasa da Zabarmawa ba, wannan ko a lahira ba na jin zai daina. Cewa ya yi ya shiga gidanta bai yi sallama ba, ya taka abin da bai gani ba, ta yafe masa don Allah. Ya goge rubutun da hannunsa. Sannan ya dube ni.

“Mai gida, hidda ni kawai. Kar ɗiyan gidan nan su yi hasara sabili da bakina. Ni baƙo ne, gobe ina bisa hanya.”

Wannan ne ya fi yi min ciwo a cikin zancen duka. Mutumin da ya kwana a ɗakin can tun ban iya ɗaura wando ba, yana ce min shi baƙo ne, kuma yana miƙo min kayansa in fitar.

“Baƙon wa?” na ce.

Ban jira amsarsa ba.

“To zauna. Ba a fitar da kaya a gidan nan.”

Na aika da wasiƙarsa, na haɗa da tawa ta ban haƙuri a kan zafin da na yi. Na gaya mata abin da na gyara: daga yau wasan dangi sai a rubutun cikin gida, wanda ba ya fita daga sabarmu, wanda ya karya ni zan hukunta shi. Na kuma gaya mata abin da ba zan yi ba. Mai digirin ma ya rubuta musu doguwar takarda yana bayani. Bayan kwana huɗu ta amsa. Ita ta yafe, ta ce in gaishe da direban. Amma kwamiti ya ce ba mai digirin kaɗai ya karanta kalmar ba, kuma dokarsu ba ta canzawa. Ƙofa ta zauna a rufe.

Ban ci nasara ba, kada wani ya ɗauka haka. Na buɗe wa Yaya asusu na biyu a sabar wani abokina a Kumasi, wadda ba a rufe wa ƙofa ba, ta koma tana tattara masu sayenta ɗaya bayan ɗaya, wasu ba su dawo ba har yau. Mai ɗinkin Dapoya ta bar mu gaba ɗaya. Wata guda cur Yaya ba ta aiko min da tuwo ba, ita da ba ta fashi tun rasuwar innarmu. Yanzu tuwon ya dawo, amma ba ta taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban tambaye ta ba.

Duk farkon wata nake rubuta wa matar can. In gaishe ta, in gaya mata ba a sake ba, in roƙi kwamiti ya sake dubawa. Takan amsa da ladabi ta ce ba yanzu ba. Babanmu ya taɓa zarya wajen wani dillali har sau bakwai a kan laifin baƙonsa, kuma shi da ƙafa yake zuwa, ni kuwa a zaune nake.

Ana cikin haka, wata safiya na buɗe jerin masu neman shiga, sai na ga sunan mai digirin. Yana so ya kwaso asusunsa daga babbar sabar ya dawo tamu, wadda ke mutuwa duk ranar da aka ɗauke wuta ta daɗe. Na rubuta masa cewa ya yi tunani, in ya shigo nan abokansa na can ba za su ƙara ganinsa ba. Ya ce ya yi tunanin, suna da lambarsa. A gurbin tambayar nan tawa, wa ya tsaya maka, ya rubuta: bawana Bagobiri, direba.

Doka doka ce, sai na kira. Na same shi a kan iyaka, ana jin ƙarar motoci a bayansa. Na gaya masa wanda ke ƙofa, na karanta masa abin da ya rubuta, ban rage komai ba. Ya yi dariya har da tari. Na ce ba dariya na kira in ji ba, ya san mutumin ko bai san shi ba?

Dariyar ta tsaya.

“Buɗe mishi, mai gida,” ya ce. “Ba shi da hankali, amma nawa ne. In ya yi ɓarna, ni za ka kira.”