Gwangwanaye Uku a Firjin Baba Walter

Har gobe ba zan manta da Talatar da na kusa raba Baba Walter da matarsa karo na biyu ba.

Ina shekarata ta biyu a aikin kula da tsofaffi a gidajensu, a ƙasar waje, kamfani ya tura ni gidansa a unguwar St. George da ke tsallaken ruwa, kullum da safe sai na hau jirgin ruwa. Baba ya haura casa'in. Da ƙuruciya matuƙin jirgin yaƙi ne, yana cikin waɗanda suka ɗaura kyamara a jirgi suka ɗauko hoton duniya daga sama. Da ya bar soja ya koma shirya fim. Lokacin da na san shi, matarsa ta daɗe da rasuwa, shi kuma mantuwa ta fara cin sa.

Ƙa'idarmu ce duk mako a duba firji, abin da ya lalace a zubar. Can ƙasa na tarar da gwangwanaye uku masu faɗi, sun yi tsatsa, suna warin tsami. Na ɗauka abinci ne ya ruɓe, na ƙulle a leda na kai shara.

Bayan azahar ya ce, "Rakiya, kawo min Lorna."

"Wace ce Lorna, Baba?"

"Matata. Tana firji, zafi ba ya mata kyau."

Har na ɗauki biro zan rubuta a rahoto cewa ruɗewa ta ƙaru. Sai ya buɗe firjin da kansa, ya tsaya yana kallon gurbin. Bai yi faɗa ba.

"Fim ɗinta ne a cikin gwangwanayen," ya ce. "Fuskarta ta fara ɓace min. Can kaɗai ta rage."

An hana mu barin tsoho shi kaɗai, amma ko takalmi ban sa ba na sauka. An riga an jera ledoji bakin titi, motar shara har ta shawo kwana. A leda ta shida na same su.

Ya nuna min yadda ake ɗora fim a tsohuwar na'urarsa, muka haska bango. Wata budurwa a filin jirgi, iska na wasa da gashinta, tana ɗaga wa mai kyamara hannu. Ba sauti. Baba ya ɗaga mata nasa. Ni kuwa Sani na tuna, mijina a Kumasi, shekara huɗu sai murya a waya.

Washegari da shugabarmu ta karanta rahotona, ta ce, "Kin bar shi shi kaɗai?"

"Na bar shi, Madam."

Ta ba ni takardar gargaɗi, na sa hannu.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, an koya muku duba abin da ya lalace. Ni tun daga ranar, ko tsumma ba na zubarwa a gidan tsoho sai na tambaye shi wa ke ciki.