Saura Kwana Tara, Ya Kaltum

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayata, Ya Kaltum, a Maiduguri. Ni kuwa ina Jamus, saura kwana tara in kammala watanni goma na binciken digirina na uku a kan cutar da ke ƙone ganyen shinkafa.

Maƙwabciyarmu ta unguwar Mairi, Philomena mai shagon atamfa, ita ta kira ni ina ɗakin gwaji. Ta ce, "Ammatullahi, nemi wuri ki zauna. Yayarki ta tafi." Aka yi wa Ya Kaltum sutura, aka kai ta makwancinta bayan la'asar, ina can ina duba jirage a waya. Babu wanda zai sauke ni gida kafin kwana biyu.

Ya Kaltum, lokacin da takardar tafiyar nan ta zo, na yi niyyar haƙura saboda 'yata ba ta cika shekara uku ba. Kika bar gonarki ta Zabarmari a hannun maigidanki, kika tare a ɗakina, kika goya ta. Kika ce, "Tafi. Mu da ba mu yi boko ba, ke ce idonmu." Tun kafin nan ma, da manoma suka ƙi bari in shiga gonakinsu da littafi da biro, ke kika shige gaba, kina gaishe su da Kanuri ɗaya bayan ɗaya, har suka riƙa tsinko mini ganyen da hannunsu.

Ashe tun bayan Babbar Sallah ciwo ke cin ki. Kika hana kowa faɗa mini, don kada in watsar da aikin. Kika daina kiran bidiyo, kika ce sabis ne babu kyau, ni kuma na yarda, domin yardar ta fi mini sauƙi. Ina duban ganye a madubin gwaji, ban ji yadda muryarki ke raguwa ba.

Na dawo da sakamakon da farfesoshi suka yaba. Na rasa wanda zan miƙa wa. 'Yata ta gan ni ta ɓuya a bayan Philomena, ta tambaye ta yaushe Ya za ta dawo daga asibiti.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa ciwon da kika ɓoye ya zama kaffara, Ya haskaka makwancinki. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki, Malam Ba'ana, da ɗanki Abdulnasir, da manoman Zabarmari. Ni ma a yi mini addu'a, don haƙurin da nake ba mutane bai zo mini ba tukuna.